Idan Wi-Fi Ya Ɗauke Da Tsakar Dare, Wane Tanadi Ka Yi Wa Iyalinka?

Mutanen Maiduguri sun san zafin ɗaukewar layi. A Mayun 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya shiga duhu. An gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba suka sake fasa su. Sai kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024, wadda ta kai har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Yau kuwa, mai karatu, lafiyar gidanka ta rataya a kan 'yar na'urar nan da ke rarraba intanet a falo. Ta nan ake tura wa likita sakamakon gwaji, ta nan ake biyan kuɗin magani. Idan kana da kemis ko ƙaramin asibiti, bayanan majinyata ma ta nan suke bi. Abu biyu ke yi mata barazana: lalacewa da kutse.

Fara da wuta. Wannan na'ura ba ta da cin wuta, ƙaramin batir ko sola zai riƙe ta sa'o'i da dama. Ka haɗa ta da abin kare kayan lantarki, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ke yawan ƙona su. Ka ɗora ta a sama, inda iska ke kaɗawa, nesa da hasken rana. Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin iskarta. Ajiye ta a sama yana kuma tsare ta daga ruwa. Kada ka dogara da kamfani ɗaya: idan layin MTN ne a cikinta, ka tanadi na Airtel ko Glo a wata waya.

Sai batun masu kutse. Na'urori da yawa suna zuwa da kalmar sirrin da kowa ya sani, irin su "admin". Ka canza ta tun ranar farko da wata mai tsawo, wadda ba sunan ɗanka ko lambar wayarka ba. A cikin saitin tsaro ka zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, sannan ka riƙa sabunta manhajar na'urar. Baƙi da masu jinya, ka buɗe musu layin baƙi daban, kada su hau wanda kwamfutar bayanan majinyata ke kai.

Ka ja kunnen yara da matan gida kan Wi-Fi na kyauta a tasha ko kasuwa. Ɗan damfara yana iya buɗe layi mai suna irin na wurin, ya kwashe bayanan bankin duk wanda ya hau.

Duk da haka, kowace na'ura tana da ranar da za ta gaza. Ka rubuta lambar likita, ta ungozoma da ta mai Keke Napep na unguwa a takarda, tare da sunayen magungunan masu hawan jini ko ciwon suga a gidanka. Ka manna ta a bayan ƙofa tun yau, kafin naƙuda ko zazzaɓin yaro ya zo da dare.