Dubiya da Haƙƙin Amini a kan Wanda Aka Gano Yana da Ciwon Daji: Nazari daga Ƙasar Zagga

Gabatarwa

Idan likita ya tabbatar wa mutum cewa yana ɗauke da ciwon daji, wato sankara, sau da yawa amininsa yake fara gaya wa kafin iyalinsa. A gari irin Zagga, da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, abin da aminin ya faɗa a makonnin farko na iya zama sanadin fara magani da wuri, ko jinkirta shi har cutar ta bazu. Wannan maƙala tana bayanin abin da Shari'a ta ɗora wa aboki a irin wannan hali.

Matsayin dubiya a Shari'a

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya lissafa dubiyar maras lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Imam Bukhari ya ware babi a kan wajabcinta, wasu malamai sun ɗauke ta farilla ta kifaya, mafi yawa kuwa sunna mai ƙarfi. Hukuncin yana ƙara nauyi gwargwadon kusanci da buƙata. Ciwon daji jinya ce ta watanni, wani lokaci ta shekaru, saboda haka dubiya ɗaya a makon farko ba ta sauke haƙƙin amini.

Kiyaye lokaci

Babban aikin amini shi ne hana jinkiri. Likitoci suna rarraba ciwon daji zuwa matakai huɗu, kuma damar warkewa ta fi yawa a na farko da na biyu. A ƙauyuka, ƙari a mama ko a wuya akan danganta shi da sammu ko iska, sai a ɓata watanni wajen masu tsagawa, ko a sayi magungunan da ba a san asalinsu ba a kasuwannin kan iyaka. Hadisin Usama ɗan Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, ya umarci bayin Allah da neman magani. Ruƙiyya ta Shari'a da addu'a suna tafiya tare da asibiti, kuma tawakkali bai taɓa nufin barin sababi ba. Malaman Jihadi ma sun kula da wannan fanni: Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda Bagudo take cikin masarautarsa, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan magani da lafiyar jiki.

Rakiya da ɗaukar nauyi

Mutumin Zagga yakan je Birnin Kebbi don gwaji a manyan asibitoci irin Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, idan kuma ana buƙatar gashi sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tafiya ce mai nisa da za a yi ta maimaitawa. Wanda ya kaɗu da labari ba ya riƙe duk abin da likita ya faɗa, don haka amini ya shiga tare da shi in ya yarda, ya rubuta ranakun komawa, ya adana takardun gwaji. A gida kuma ya shirya gayya don kada gonar shinkafa ko gero ta lalace, ya tuna wa mawadata cewa majinyacin da jinya ta talauta yana cikin masu cancantar zakka. Ya binciki tallafin ƙungiyoyi irin Gidauniyar Medicaid, wadda Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa don yaƙi da ciwon daji.

Ladubban zama da majinyaci

Labarin cutar amana ne; majinyaci ne yake da ikon zaɓen wanda zai sani da lokacin da zai sani. Amini ya yawaita sauraro, ya guji ba da labarin waɗanda cutar ta kashe, ya guji cewa azaba ce ta wani zunubi, domin hadisai sun nuna cewa ciwon mumini kaffara ne. Kada kuma ya yi alkawarin waraka da ba a hannunsa take ba. Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta hanyar musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya, amma ƙarin ruwan maganin daji yana raunana garkuwar jiki, saboda haka mai mura ko tari ya dakata da zuwa, ya gaisa ta waya.

Ya kamata ya sanar da abokinsa rangwamen da Allah Ya yi masa: salla a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda aka koya wa Imrana ɗan Husaini a hadisin Bukhari, taimama idan ruwa zai cutar, da ajiye azumi bisa ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara.

Kammalawa

Lokacin da Annabi ya duba Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Makka, Sa'adu yana ganin ajalinsa ya zo har yana tambaya a kan wasiyya. Annabi ya amsa masa, ya taƙaita wasiyyar a kan sulusi, ya yi masa addu'a, Sa'adu kuma ya rayu shekaru da dama bayan haka. A wannan dubiya an haɗa gaskiya da kyakkyawan fata, kuma ita ce abin koyi ga amini: ya taimaki abokinsa ya tsara bashi da wasiyya ba tare da firgita shi ba, ya ci gaba da raka shi asibiti bayan masu gaisuwar farko sun watse. Allah ne Mafi sani.