Taragon Doki da Omnibas: Wanne Ya Fi Yi wa New York Amfani?

A watan Nuwamban 1832 kamfanin New York and Harlem ya ɗora tarago a kan layin dogo a titin Bowery, dawaki na jan sa. John Stephenson ne ya ƙera taragon. Sai dai taragon ya tarar da abokin gogayya, domin omnibas, wato babban keken doki na haya, ya riga shi fara jigilar mutanen birnin.

Omnibas ba ya bukatar jari mai yawa. Keke da dawaki da direba, shi ke nan. Idan titi ya toshe sai ya kauce, idan wata unguwa ta fi kawo ciniki sai ya koma can. Tarago kuwa sai an haƙa titi an shimfiɗa ƙarfe, sai kuma hukumar birni ta ba da izini, kuma inda layi ya tsaya nan ya tsaya.

Amma a tambayi fasinja. Titunan lokacin duwatsu ne da ramuka, wanda ya shiga omnibas ya sha girgiza kafin ya sauka. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe kuwa sulɓi take yi, shi ya sa dawaki biyu ke jan ninkin mutanen da omnibas ke ɗauka, cikin sauri da lumana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin da ke son zama nesa da cunkoson tsakiyar gari.

Tarago ma yana da nasa laifin. Layukan farko sun ɗara titi tsayi, suna kama ƙafafun kekunan jama'a. A Landan, layukan da George Francis Train ya shimfiɗa a 1861 ba su daɗe ba aka tumɓuke su saboda wannan. Maganin shi ne layi mai kwari wanda ke nutse daidai da titi, irin wanda Alphonse Loubat ya fito da shi a 1852.

A wuri guda ba su da bambanci: dukansu a kan doki suka dogara. Da murar dawaki ta ɓarke a 1872, tare suka tsaya cik.

A ganina tarago ne ya yi rinjaye. Layin da ya ɗaure shi wuri ɗaya shi ne ya ba shi tsawon rai, domin da lantarki ya zo, a kan wannan layi ya hau. Taragon doki na ƙarshe a New York bai bar aiki ba sai a 1917.