Tsutsar da ke Yi wa Sarakuna Ado

A cikin dazuzzukan doka da gindin tsamiya akwai wata faɗa-wuta mai fararen fukafukai da ratsin ruwan ƙasa, wadda masana ke kira Anafe. Ba kowa ya taɓa lura da ita ba, amma wanda ya san babbar riga mai aska takwas wataƙila ya ga aikin 'ya'yanta, domin daga gare su ake samun zaren da ake kira tsamiya.

Da damina uwar ke zuba ƙwai a bayan ganye, ta lulluɓe su da gashin cikinta, bayan 'yan kwanaki ta mutu. Bakinta ma bai iya cin abinci ba; haihuwa kaɗai ta kawo ta. 'Ya'yan kuwa ci ne sana'arsu. Gizaka ce mai gashi, kuma gashin nan ƙaiƙayi gare shi. Tare suke kiwo, in za su sauya reshe sai su jeru, kan wannan a wutsiyar wancan. Suna girma suna saɓa, har fata ta sauya sau da dama.

In sun ƙoshi sai a shiga gini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaruruwansu ke taruwa su saƙa jaka guda mai kauri a jikin itace, sannan kowacce ta saƙa nata ɗakin a ciki, ta kwanta. Can za su yi rani, jiki na sauyawa a ɓoye, sai ruwa ya dawo su fito da fukafukai.

Ba duka ke kaiwa ga haka ba. Bishiyar tsamiya dai an ce matattarar aljanu ce, yara ba sa zama ƙarƙashinta da tsakar rana, amma wannan bai hana masu nema ɓamɓaro jakar ba. A dafa ta da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa ta da mazari kamar auduga. Daga nan sai hannun maɗinkan Kano da Zariya da Bida. Yarabawa kuma su saƙa ta, suna kiranta sanyan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Wannan tsutsa ba a kiwonta a gida, daji ne gonarta. Saboda haka duk dokar da aka sare don gawayi, har da zaren rigar wani aka ƙone.