Kafin a ba da aikin katanga

Katanga ce aikin da mai fuloti ya fi saurin bayarwa ga duk wanda ya samu, saboda ana ganin jera bulo ne kawai. Amma bango ne dogo wanda babu rufi ko ɗaki da ke riƙe shi, shi ya sa iskar farkon damina ta fi kayar da shi, kuma idan ya faɗi yakan faɗa kan maƙwabci ko mai wucewa.

Magana takan fara ne daga iyaka, tun kafin a nemi magini. Duwatsun safiyo da takardar fili su ne hujja, kuma ya kamata a ja igiya a gaban maƙwabta da mai unguwa. A birane akwai hukumomin da ke ba da izinin gini, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, kuma katangar da ta ci hanya ko magudanar ruwa ana iya shafa mata jan fenti a rushe. Asarar ta mai gida ce, ɗan kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Wajen nemo mai aiki, shaidar wanda aka taɓa yi wa gini ta fi hoton waya. Abin dubawa shi ne katangar da mutumin ya gina ta kuma ga damina biyu ko uku: ta tsage, ta karkata, ko gindinta ya zaizaye? Masu sayar da bulo da siminti ma sun san maginin da ke biyan leburori da wanda ke gudu ya bar aiki. Idan babban aiki ne, kamfani mai rajista da CAC, wanda ke da injiniya mai rajistar COREN ko magini mai rajistar CORBON, ya fi sauƙin kamawa in an samu matsala.

Hanyoyin bayar da aiki biyu ne. Ko dai jinga, mai gida ya sayi kaya magini ya karɓi kuɗin hannunsa, ko kuma kwangila gaba ɗaya, ɗan kwangila ya kawo komai. Jinga ta fi sauƙin kuɗi amma tana buƙatar mai tsayawa a kan kaya, domin buhun siminti yana da ƙafa. Kwangila gaba ɗaya tana hutar da mai gida, sai dai a nan ne ake rage inganci ba tare da ya sani ba.

Ya kamata a karɓi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kuma mai gida ya iya ɗan lissafinsa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zagayensa ƙafa 300 ne, kimanin mita 91. Murabba'in mita ɗaya na cin bulo kusan 10, saboda haka katanga mai layi 10 a saman ƙasa za ta ci bulo wajen 2,000 bayan an cire gurbin get, ban da na cikin tushe. Ƙiyasin da ya yi nisa da wannan yana buƙatar bayani. Haka kuma takarda ta faɗi ko bulo mai inci 6 ne ko mai inci 9, zurfin tushe, kaurin rodi, da tazarar ginshiƙai, wadda akan bari kusan mita 3. Mafi arha cikin ukun sau da yawa a tushe da ginshiƙi ya rage, wuraren da ƙasa da filasta za su rufe. A yankunan baƙar laka, irin ta wasu sassan Borno da Adamawa, ƙasa na kumbura da damina ta tsage da rani, don haka tushe mara zurfi ba ya daɗewa.

Ingancin bulo ana gane shi da hannu. Wanda gefensa ke marmashewa idan an murza, ko ya tarwatse da an sake shi daga tsayin ƙugu, yashi ne aka yi wa turaren siminti. Sabon gini kuma yana son ban-ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma dole a bar wuriya a gindin katanga don ruwan tsakar gida ya fita. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba a yin su sai an rubuta wa ke da alhakinsu.

Biyan kuɗi ya tafi da matakin aiki: kafin alƙalami kaɗan, sai bayan tushe, sai bayan an kai tsayi, sannan filasta da get. Tura kuɗi ta banki ya fi miƙawa a hannu saboda yana barin shaida. Yarjejeniyar ta faɗi ranar gamawa, abin da za a yi idan farashin siminti ya tashi ana tsakiyar aiki, da wanda zai kwashe ɓaraguzai, sannan shaidu biyu su sa hannu. Mai gida ya riƙe wani kaso na kuɗin, kada ya sake shi sai katangar ta ga ruwan sama mai ƙarfi an duba ba ta tsage ba.