Challawa: Fata na Fita, Atamfa na Shigowa

Duk wanda ya bi hanyar Panshekara ya doshi Challawa, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso majema. Manyan motoci na sauke fatun awaki da na tumaki da aka barbaɗe da gishiri, waɗanda dillalai suka tattaro daga kasuwannin Arewa, wasu ma daga Nijar da Chadi. A ciki ana jiƙa su, a cire gashi, a zuba su cikin manyan ganguna masu juyawa tare da sinadarin kuromiyam har su fito shuɗi-shuɗi. Daga nan sai busarwa da rini da guga, a cika kwantena, a kama hanyar Legas. Akasarinsu Italiya da Sifaniya da Sin suka nufa.

Wannan ciniki ya girmi Najeriya. Fatar jar akuyar Sakkwato da majeman gargajiya suka jeme da bagaruwa ta daɗe tana ƙetare Sahara a ayarin fatake, Turawa na sayenta a Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Tumbuktu. Wato a lokacin gamammen kaya Kano ke sayar wa duniya. Bayan buɗe layin dogo a 1912 sai gyaɗa ta karɓe fage, ita kuwa ɗanya ake lodinta.

An kafa rukunin masana'antu na Bompai, daga baya na Sharaɗa da Challawa, domin a riƙa sarrafa kaya a gida. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda sun ɗauki ma'aikata masu ɗimbin yawa, ana aiki dare da rana. A 1986 shirin SAP na sauya tsarin tattalin arziki ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da sinadaran rini suka yi tsada. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Sin ta shiga a 2001, atamfa mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007.

Ɗora wa Sin laifin duka abu ne mai sauƙi, amma bai cika gaskiya ba. Mai masana'anta a Sharaɗa shi ke sayen janareto da man dizal, shi ke haƙa rijiyar burtsatse, ya ci bashin banki da ruwa mai nauyi, sannan a ce ya kara da wanda gwamnatinsa ta tanadar masa wuta da tashar jirgin ruwa. Kuma matar da ke haɗa wa 'yarta kayan aure ta ji daɗin atamfa mai sauƙin kuɗi, 'yan Kwari masu zuwa Guangzhou sari su ma sun samu. Hana shigo da kaya bai taɓa tsayar da su ba: sukan sauka a Kwatano, su zagayo ta Maraɗi, su shigo ta fasa-ƙwauri. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai tayar da masaƙun da suka mutu ba, sai tsadar abinci da talaka ya sha.

Majema sun rayu ne saboda suna da abin da duniya ke nema, kuma da dala ake biyansu. Sai dai ribar mai tsoka tana wurin wanda ya mai da fatar takalmi ko jaka ya buga mata suna. Habasha ta gane haka: a 2008 ta ɗora haraji mai nauyi a kan fitar da fatar da ba a gama sarrafawa ba, a 2012 kuma kamfanin Huajian na Sin ya buɗe masana'antar takalma kusa da Addis Ababa. A Kano kuwa, dukawan Ƙofar Wambai da dama da fatar roba ta waje suke aiki, domin mai kyan ta fi ƙarfin aljihunsu, alhali a bayan gari ake jeme ta.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin lissafin kwastam. Gurɓataccen ruwan majema ya daɗe yana gangarawa Kogin Challawa, masu noman rani da masunta na ƙasa su ke ɗanɗana kuɗarsa, ba mai sa takalmin a Milan ba.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a 2019, an kuma ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, kusa da Challawa, a Janairun 2023. Bututun gas na AKK mai zuwa Kano, da aka fara shimfiɗawa a 2020, shi ya fi kusa da maganin ciwon masana'antu. Idan gas ɗin ya kai ƙofar Challawa da Sharaɗa da Bompai a farashin da za a iya biya, aka kuma ware wa dukawa wani kaso na fatar da ake jemewa, masu sayen takalmin Kano suna nan a Yamai da Njamena da Akara.