Jerin Littattafan Kwas: Wanne Ne Dole, Wanne Ne Ƙari?

Gabatarwa

A farkon kowane zangon karatu, malamin jami'a yakan ba ɗalibansa jerin littattafai da maƙalun da za su karanta. A da, takarda ce ake bugawa a raba a aji. Sau da yawa ma'aikatan laburare ba sa ganin ta sai ranar da ɗalibai suka yi cincirindo suna neman littafi ɗaya, alhali kwafi biyu ne kawai a kan kanta. Wannan matsala ce ta sa jami'o'i, musamman a Birtaniya, suka koma ajiye jerin a cikin manhajar kwamfuta. Jami'ar Loughborough ta ƙirƙiro tata a shekarar 2000. Daga baya kamfanin Talis ya fito da Talis Aspire a 2009, kamfanin Ex Libris kuma ya fito da Leganto a 2015.

Matakan Fifiko

A cikin irin wannan manhaja, malami yana shigar da sunan littafi, sannan ya zaɓa masa matsayi. Sunayen matakan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma galibi uku ne:

1. Na dole: wanda kowane ɗalibi zai karanta kafin ya fahimci darasi.
2. Na shawara: wanda zai ƙara wa ɗalibi fahimta, musamman wajen rubuta aikin gida.
3. Na ƙari: wanda mai son zurfafa bincike zai nema.

Wasu jami'o'in sukan ƙara mataki na huɗu, wato littafin da ake shawartar ɗalibi ya saya da kuɗinsa, domin zai yi amfani da shi tun daga farkon kwas har ƙarshe.

Amfanin Matakan

Matsayin da malami ya zaɓa saƙo ne zuwa ga mutum biyu. Na farko shi ne ɗalibi, wanda lokacinsa ƙayyadadde ne, yana kuma da wasu kwasa-kwasan. Da ya duba jerin, zai san inda zai fara.

Na biyu shi ne ma'aikacin laburare, wanda kuɗin sayen littattafai ke hannunsa. Manhajar tana nuna masa matsayin littafi, da yawan ɗaliban aji, da kwafin da ke akwai. Da waɗannan yake yin lissafi. A ɗauka ƙa'idar wani laburare ita ce kwafi 1 na littafin dole ga kowane ɗalibi 10. Idan aji yana da ɗalibai 60, kowane littafin dole yana bukatar kwafi 6. Malamin da ya ware littattafai 5 a matsayin dole ya nemi kwafi 30 ke nan. Wanda ya sa wa littattafai 20 wannan matsayi ya nemi kwafi 120. Idan kuɗi bai kai ba, sai ma'aikacin laburare ya yi zaɓen da kansa, alhali malami ne ya san abin da darasi ke bukata.

Matsayin yana kuma nuna yadda za a tanadi littafin. Na dole akan sa shi a sashen aro na gajeren lokaci, domin ya zagaya hannu da yawa. Idan na intanet ne, sai a duba lasisinsa, saboda akwai wanda mutum ɗaya ne kawai zai iya buɗe shi a lokaci guda. Idan kuma babi ɗaya ake bukata, ba lallai a sayi kwafi da yawa ba. A Birtaniya, lasisin kwafar littattafai da jami'o'i ke biya ya ba su damar ɗaukar hoton wani ɓangare na littafi don ɗaliban kwas. Saboda haka yana da kyau malami ya faɗi babi da shafuka.

Misali daga Nazarin Hausa

A kwas na rubutaccen zube, Magana Jari Ce na Abubakar Imam zai iya zama na dole. Littafin Graham Furniss na 1996 kan adabin Hausa zai zama na shawara, nahawun Paul Newman na 2000 kuma na ƙari. Amma a kwas na nahawu, littafin Newman ne zai hau sama, Magana Jari Ce ya koma wurin ɗebo misalan jimloli. Ƙamus irin na Bargery na 1934 kuwa ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Dubawa ake yi idan kalma ta shige duhu. Wannan ya nuna cewa matsayi ba ma'aunin darajar littafi ba ne. Bukatar kwas ce take ba da shi.

Kammalawa

Manhaja ba ta san littafin da ya fi muhimmanci ba. Abin da aka shigar mata shi take nunawa. Malamin da ya kira komai dole ya bar ɗalibi cikin ruɗu, ya kuma ɗaure hannun laburare. Ko a jami'ar da ba ta da manhajar, ana iya rubuta matakan nan uku a takarda, a miƙa wa laburare tare da yawan ɗalibai kafin zango ya fara.