Me ya sa masu rubuta manhajar OpenWrt ke neman a ba su kyautar rauta?

Idan kana shiga intanet ta Wi-Fi a gida, ko ofis, ko makaranta, to akwai wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu da aka ajiye a lungu, wanda duk saƙon da ka aika sai ya bi ta cikinsa. Wannan akwatin shi ne rauta. Mutane da yawa na ɗaukarta kamar soket ɗin wuta, a jona a manta. Alhali ƙaramar kwamfuta ce, tana da ƙwaƙwalwa, da ma'adana, da manhajar da ke tafiyar da ita. Matsalar ita ce kamfanin da ya ƙera ta yakan daina sabunta wannan manhaja bayan 'yan shekaru, ko da na'urar lafiyarta ƙalau.

A nan ne wasu 'yan sa-kai suka shigo. Suna rubuta wata manhaja kyauta mai suna OpenWrt, wadda ake cire ta kamfani a ɗora ta a madadinta. Tambayar da aka fi yi musu ita ce, "Yaushe za ku sa ta yi aiki a kan irin tawa rautar?" Amsar da sukan bayar kuma ita ce, sai wani daga cikinsu ya samu na'urar a hannunsa. Shi ya sa al'adar ba su kyautar na'ura ta samo asali. A wannan rubutun za mu duba dalilin hakan, da abin da ake yi da na'urar idan ta isa, da kuma irin kyautar da ba ta tsinana komai.

Yadda abin ya faro

A ƙarshen shekarar 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da wata rauta mai suna WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi kamfanin, sai masu bincike suka gano cewa manhajar da ke cikinta an gina ta ne a kan Linux. Ita kuwa Linux tana ƙarƙashin wani lasisi ne da ake kira GPL, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya sayar da kaya mai ɗauke da ita, dole ya bai wa masu saye rubutun tushen manhajar. Aka matsa wa kamfanin lamba, ya saki rubutun. Daga nan ne aka kafa OpenWrt a watan Janairun 2004, har sunanta ma daga sunan waccan rautar aka samo shi. A farkon 2025 tana aiki a kan nau'o'in na'urori kusan 2,000.

Me ya sa sai na'urar ta zo hannu?

Mai karatu zai iya cewa, ai idan na sayi laftof, faifan Windows ko Linux ɗaya ne ke hawa kan kowace iri, to me ya bambanta rauta? Bambancin shi ne kwamfutar tebur da laftof suna da tsarin da ke gabatar da kansu ga babbar manhaja. Da an kunna, injin zai sanar da ita abin da ke jikinsa da inda yake. Yawancin rautoci ba su da wannan. Manhajar da ta farka a cikin rauta kamar baƙo ne da ya shiga gida cikin dare ba fitila: bai san inda ƙofa take ba, bai san inda rijiya take ba.

Saboda haka sai wani mutum ya zauna ya rubuta mata taswira, wato wani fayil da ke bayyana kowane sashe na fanel ɗin na'urar. Wace ƙafa ta cif ce ke kunna koriyar fitila? Wacce ce ke jin an danna maɓallin mayar da saiti? Daga ina zuwa ina aka raba ma'adana? A wane gurbi aka ɓoye lambar MAC, wadda ita ce shaidar na'urar a kan hanyar sadarwa? Kamfanoni ba kasafai suke wallafa waɗannan bayanai ba. Sai an buɗe, an gwada, an gani da ido. Gani ya kori ji.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne suna ɗaya a kwali ba ya nufin inji ɗaya a ciki. A 2005 Linksys ya fitar da zubi na 5 na WRT54G. A waje kamar ta da, amma an rage ma'adanarta daga megabait 4 zuwa 2, an rage RAM daga 16 zuwa 8, an kuma sauya Linux da wata manhaja mai suna VxWorks. Sai da kamfanin ya fito da WRT54GL daban domin masu son Linux. Har gobe haka ake yi. Don haka samun zubi na 2 na wata rauta a hannu ba ya nuna cewa za a iya ɗaukar nauyin zubi na 3.

Abin da ke faruwa da rautar da aka bayar

Abu na farko, za a kwance ta, garantinta ya tafi ke nan. Sai a nemi wasu 'yan ramuka a jikin fanel ɗin, waɗanda injiniyoyin kamfani suka bari don amfanin kansu. A liƙa musu wayoyi uku da dalma, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙasa, a jona da kwamfuta. Ta nan ne rautar ke "magana" yayin da take tashi, tana zayyano abin da ta gani a jikinta layi bayan layi. Galibi wannan mashiga da wuta mai ƙarfin bolt 3.3 take aiki, kuskuren ba ta fiye da haka na iya ƙona cif ɗin.

Na biyu, za a kwafe duk abin da ke cikin ma'adanar a ajiye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai wani ɗan yanki da ke ɗauke da ma'aunin rediyon Wi-Fi, wanda aka auna aka rubuta tun a masana'anta, kuma kowace na'ura da nata. Idan aka goge shi bisa kuskure, Wi-Fi ɗin na iya raunana ko ya mutu gaba ɗaya.

Na uku, sai a loda sabuwar manhajar a cikin RAM kawai, ba tare da an taɓa ma'adana ba. In ta rikice, a kashe a kunna, komai ya koma yadda yake. Sai an gamsu sannan a yi mata filashin na dindindin. Duk da wannan taka-tsantsan, wani lokaci na'urar kan ƙi tashi sam. Masu sana'ar kan ce ta zama bulo, don ba ta da sauran amfani sai danne takarda. Farfaɗo da ita na iya buƙatar a maƙala wa cif ɗin ma'adanar wata na'urar rubutu, ko a ɓamɓare shi dungurungum. Ka ga dalilin da ya sa ba aro ake nema ba, kyauta ake nema. Ba wanda zai yi irin wannan kasada da kayan da za a ce ya dawo da su.

Kyautar da ba ta tsinana komai

Ba kowace rauta ce za ta amfane su ba. Tsofaffin da ke da ma'adana mai megabait 4 da RAM mai 32 sun yi wa manhajar yau kaɗan, zubin 19.07 ne na ƙarshe da aka fitar musu a hukumance. Aika irin wannan ɗora wa mutum tarkace ne kawai.

Sai kuma batun direba, wato guntun manhajar da ke sarrafa cif ɗin Wi-Fi. Cif ɗin Atheros da na MediaTek suna da buɗaɗɗun direbobi, irin su ath9k da mt76, shi ya sa rautocin da ke ɗauke da su suka fi samun kulawa. Yawancin na Broadcom kuwa a rufe suke. Ko rauta goma ka aika, in mai cif ɗin bai saki bayanai ba, da wuya Wi-Fi ɗinta ya yi aiki yadda ya kamata. Haka nan wasu kamfanonin kan kulle na'urar ta yadda ba za ta karɓi wata manhaja ba sai mai ɗauke da sa-hannunsu.

A ƙarshe, kyauta ba kwangila ba ce. Wanda ka aika wa yana da aikin da yake ci da iyali, da dare ko ƙarshen mako yake taɓa wannan. Zai iya gamawa cikin mako biyu, zai iya shekara bai gama ba.

Shigarwa daban, riƙo daban

Akwai abin da masu bayarwa ba su cika lura da shi ba. Sanya na'ura cikin jerin waɗanda ake tallafa wa somin-taɓi ne. Linux na canzawa kullum, kuma duk babban sauyi sai an sake gwada shi a kan ainihin na'urar. Misali, lokacin da OpenWrt ta tashi daga tsohon tsarinta na cif ɗin Atheros mai suna ar71xx zuwa sabo mai suna ath79, sai da aka sake rubuta wa kowace rauta taswirarta, ɗaya bayan ɗaya. Da aka cire tsohon tsarin a zubin 21.02, waɗanda ba a samu mai riƙe da su ya gwada ba, an bar su a baya. Ba don sun lalace ba, sai don ba kowa a kansu.

To ina ruwan mai amfani?

Ruwansa tsundum. A watan Oktoban 2017 wani mai bincike ɗan ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya bayyana wata ɓaraka a tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2, aka sa mata suna KRACK. Cikin 'yan kwanaki 'yan sa-kan, waɗanda a lokacin akasarinsu ke aiki da sunan LEDE kafin su sake haɗewa da OpenWrt a 2018, suka fitar da gyara. Tsofaffin rautocin da kamfanoninsu suka yi watsi da su kuwa, ba mai waiwayarsu. A watan Mayun 2018 kuma masu binciken Cisco Talos suka sanar cewa wata muguwar manhaja, VPNFilter, ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. Rautar da aka daina sabunta wa manhaja ƙofa ce da ba sakata, kuma duk wayoyin gidan a bayanta suke.

In kana son taimakawa

Kada ka fara da aikawa, fara da tambaya. Duba jerin na'urorin da OpenWrt ke wallafawa ka ga ko taka na ciki, ka kuma lura da lambar zubin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashinta. In ba ta ciki, sai ka nemi wanda ya nuna yana so kuma yana da lokaci. Ka haɗa da cajarta, ka goge kalmomin sirrinka kafin ta bar hannunka.

Ga wanda ke Najeriya ko Nijar, kuɗin aika rauta zuwa Turai na iya fin kuɗin rautar kanta. Amma akwai abin da ya kusa kai ta daraja: hotunan fanel masu kyau da ke nuna lambar kowane cif, da rubutun da take fitarwa yayin tashi, da kuma yarda ka gwada abin da aka turo maka ka faɗi sakamako. Liƙa wayoyi uku ba zai gagari mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ba. Rautocin 4G da ake sayarwa a kasuwanninmu, wasunsu masu rubuta manhajar ba su taɓa ganinsu ba, sai in wani daga nan ya buɗe ya nuna.

Akwai kuma hanyar kuɗi. Tun 2020 OpenWrt na ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, Software Freedom Conservancy, wadda ke karɓa mata gudummawa. A watan Nuwamban 2024 suka fitar da rautarsu ta kansu, OpenWrt One, tare da haɗin gwiwar Banana Pi, a kan dala 89, inda dala 10 daga ciki ke shiga asusun aikin. An wallafa zanen fanel ɗinta, an fito da mashigar magana waje ba sai an kwance ba, an kuma sa mata ma'adana ta biyu da ake komawa kanta da ɗan makunni idan ta farko ta rikice. Wato duk wahalhalun da muka lissafa a sama, an toshe su tun daga ƙira. Sauran dubban rautocin da ke gidajen mutane kuwa, har yanzu sai wani ya ɗauki sukurdireba da dalma ya zauna a kansu.